Neman ɗumi a kujerar baya: yadda aikin rimot ɗin tada mota ke tafiya

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, kada a kai watan Maris in kasa bambance abin da ya yi amfani da wanda bai yi ba. Hunturunmu na huɗu ke nan a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, amma na bana daban ne. Mu huɗu ne yanzu a gidan: ni, da uwargida, da jaririn da Allah ya ba mu a watan Satumba, sai Inna da ta taso daga Zariya don zaman jego.

A shekarun baya ba mu damu ba. Mutum ya zuba rigar sanyi da safar hannu, ya shiga mota yana hura tafin hannunsa, kafin a yi nisa ta fara ɗumi. Abin da ya sauya lissafin wata magana ce da ma'aikaciyar jinya ta yi mana ranar da za a sallame mu: kada a ɗaure jariri a kujerarsa ta mota sanye da rigar sanyi mai kumburi. Ta kama igiyar kujerar da yatsu biyu ta nuna mana. Rigar na sa a ga kamar an ɗaure tamau, amma in aka yi karo sai ta motse, igiya ta yi sako-sako, yaro ya zame. Kaya marasa kauri za a sa masa, a ɗaure shi, sannan a rufa bargo ta sama. To yaro mai kaya marasa kauri a cikin motar da ta kwana a fili a digiri 30 ƙasa da sifiri fa? Tun ranar abin yake raina. Ga gwiwoyin Inna, waɗanda ko sanyin Zariya ba sa jurewa.

Motar tana kwana ne a bayan gida, bakin lungun da motocin shara ke bi, ba gareji. In fita in tada ta in bar makulli a jiki in dawo, wannan ba zan yi ba, don duk hunturu 'yan sanda sai sun ja kunne a kan motocin da ake sacewa a haka. Saura rimot, wanda ke tada mota daga nesa ba tare da makulli a jiki ba. Mota ce ƙarama ƙirar Japan ta 2013, giyar otomatik, injin lita 1.8.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na zaga shaguna uku a makon nan. Iri uku suka nuna mini. Akwai rimot mai aika umarni kawai, ka danna ka yi ta fatan ta tashi. Akwai mai amsawa, wanda motar ke maido maka da saƙo cewa ta tashi ko ta ƙi. Akwai kuma na manhajar waya, wanda ko daga wani gari kake zai yi, amma da kuɗin wata ko na shekara. Tagar ɗakinmu titin gaba take kallo, ba ma ganin motar, don haka mai amsawa na zaɓa. Na wayar ya burge ni, sai dai ba na son in ƙara wa kaina wani biyan da ba ya ƙarewa.

Da farko na yi niyyar in sayo kayan in ɗaura da kaina, tunda hannuna ya ɗan saba da waya. Da na zauna na duba abin da aikin ya ƙunsa sai na janye. Tun Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Kanada dole ta zo da imobilaiza, wato makullin yana ɗauke da wani ɗan guntun lantarki da inji ke tambaya kafin ya yarda ya tashi. Mutanen Winnipeg sun san zancen nan fiye da kowa, don a tsakiyar shekarun 2000 garin ya yi ƙaurin suna da satar mota, har hukumar inshorar motoci ta lardin Manitoba ta tilasta saka na'urar a tsofaffin motocin da ɓarayi suka fi so. Ke nan rimot ba zai tada mota ba sai an haɗa shi da wata ƙaramar na'ura mai kwaikwayon makulli, a kuma yi mata saiti da kwamfuta daidai da ƙirar motar. Kuskure ɗaya a wayoyin ƙarƙashin sitiyari, sai ka wayi gari da motar da ko makullinta ba ta sani ba.

Shagon da ya fi araha bai iya gaya mini ko da dalma yake haɗa wayoyi ko murɗe su kawai yake yi ba. Na bar shi. Na ba da kafin alƙalami a wani, aikin duka dalar Kanada 540 har da haraji. Layi ya yi tsawo, sai 14 ga Nuwamba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An ɗaura. Awa uku na zauna. Da mai aikin ya gama bai miƙo mini rimot ya sallame ni ba, sai da ya fito da ni fili ya gwada mini komai ɗaya bayan ɗaya, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Ya danna, fitilun gefe suka yi ƙifta, ƙofofi suka kulle kansu, bayan 'yan daƙiƙu inji ya kama. Rimot ɗin hannuna ya yi ƙara sau biyu. Ya ce in buɗe in shiga in taka birki ba tare da na sa makulli ba. Ina takawa ta mutu. Ya sake tadawa ya ɗaga bonet, nan ma ta mutu, saboda wani ɗan maɓalli da ya dasa a gefen bonet ɗin, don kada wata rana makanike na da hannu a cikin inji wani ya danna daga cikin gida. Hanyar shiga kuwa: a buɗe, a sa makulli a murɗa zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada a kai ga kik, sannan a taka birki. Daga nan makulli ya karɓi ragama.

Ya saita ta a kan minti 15, in ba a shigo ba ta kashe kanta. In ta ƙi tashi za ta gwada sau uku ta haƙura. Ya ce da giyar hannu ce da aikin ya fi haka wuya, don sai an bi wasu matakai kowane dare na tabbatar da an bar ta a firi.

Ina shirin tafiya ya tambaye ni yaushe rabon da in gwada batir da hitar inji, wato abin da ke ɗumama inji da wutar gida. Na ce lafiyarsu ƙalau, bara ba su ba ni matsala ba. Ya ce to, amma in sani shi tada inji kawai ya sayar mini.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ƙanƙara ta sauka a makon nan. Gwajin farko da safe: mota ta tashi, ta yi minti goma, na fito na tarar gilashi a daskare yadda ya kwana. Jiya da na dawo na kashe fanka don ina amsa waya, ban mayar ba. Hitar motata ta murɗawa ce, yadda ka bar ta da dare haka za ta tashi da safe. Na manna 'yar takarda kusa da giya: zafi ƙarshe, iska zuwa gilashi da ƙafa, fanka a kunne, waifa a kashe. Waifar ma da muhimmanci, don in ta daskare a jikin gilashi aka tada mota tana kunne, ko roba ta yage ko fis ya ƙone.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau aka yi sanyin gaske na farko, kuma yau raina ya ɓaci.

Muna da ganin likitan yara ƙarfe tara. Dashbod ya nuna 29 ƙasa da sifiri. Na danna rimot tun muna karyawa, ta tashi a gwaji na biyu, ta cinye minti 15 ɗinta. Na fita da ɗan ma'aunin zafin da na saya don wannan aikin, na ajiye shi a inda kujerar yaro take zama. Ya sauka ya tsaya a 12 ƙasa da sifiri. Iskar da ke fitowa daga hita ba ta fi hucin baki ba, allurar zafin inji ko motsi ba ta yi ba. Na sake tadawa na ƙara wasu minti goma, muka naɗe yaro da barguna biyu a kan igiya muka tafi a makare. Inna ba ta ce komai ba a hanya, amma na ga yadda ta dafe gwiwa da hannu biyu har muka isa.

Da yamma na kira Alhaji, dattijon nan ɗan zangon Kumasi da ya fi shekara ashirin yana tuƙin haya a garin nan. Na zayyana masa komai, har na ce ina ganin an cuce ni ne. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ɗana, a ina kake zaton hitar mota take samo wutarta?"

Bayanin da ya yi mini na san rabinsa a ka, amma ban taɓa haɗa shi da abin da ke gabana ba. Motar fetur ba ta da wani garwashi na daban da take ɗumama mutane da shi. Ruwan da ke zagaya inji don sanyaya shi, shi ne ke bi ta wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a cikin dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa. In ruwan bai yi zafi ba, babu abin da za a hura sai sanyi. Ƙaramin inji kuma a tsaye yana silo, man da yake ƙonawa kaɗan ne, zafin da yake haifarwa kaɗan ne, ga ƙarfen da ya kwana a sanyi yana shanyewa. Ni kuma na bar fanka a lamba huɗu, tana kwashe ɗan abin da ya taru tun bai taru ba.

"Rimot ɗinka ya yi aikinsa," in ji shi. "Je ka duba igiyar da ke leƙowa ta hancin motar."

Asabar, 14 ga Disamba

Duk motar da ta zauna a wannan yanki za ka ga filogi na reto a gabanta. Na hitar inji ne, wani ɗan ƙarfe mai kama da na hitar dafa ruwa, an cusa shi a jikin inji yana ɗumama shi da wutar gida. Shi ya sa wuraren ajiye motoci a nan suke da soket a kan turaku. Ina jona tawa duk daren da aka ce za a yi sanyi, ban taɓa tambayar kaina ko tana ci ba.

Na ɗauko mitar gwada waya na auna tsakanin haƙoran filogin. Hita mai wat 400 a kan wutar nan ta bolt 120 ya kamata ta nuna wajen om 36, wato ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta. Tawa ba ta nuna komai ba. Na bi igiyar da hannu, daidai inda bonet ke danne ta na ji ta yi laushi. Da na fere robar sai ga waya ta tsinke, bakinta ya yi kore, alamar ta daɗe a haka. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Allah kaɗai ya san tun yaushe nake jona igiyar banza.

Sabuwar igiya dala 38. Na sauya da kaina, na bi da ita ta cikin ragar gaba inda ba abin da zai matse ta. Mita ta nuna 35. Na ƙara da agogon soket na waje mai jure sanyi, da doguwar igiya mai ɗan haske a kai, wadda daga ƙofar kicin zan iya ganin ko akwai wuta. Na saita agogon ya kama ƙarfe huɗu na asuba. Ba a bukatar ta kwana tana ci, bayan 'yan awoyi zafin ba ya ƙaruwa, kuɗin wuta ne kawai ke tafiya.

Asabar, 21 ga Disamba

Kwana bakwai ina aunawa. Da hitar inji ta awa uku da fanka a lamba biyu, sautin tashin motar ma ya sauya, babu wannan gurnanin na kamar ana jan ta dole. A safiyar da waje ya nuna 19 ƙasa da sifiri, bayan minti goma gilashin gaba ya narke har sama, kujerar baya ta kai 3 ƙasa da sifiri. Ci gaba ne babba, amma ba nan nake son tsayawa ba.

Na gwada barin ta a kan juya iskar ciki. Ta fi saurin ɗumi, amma muna shiga mu huɗu da numfashinmu da ƙanƙarar takalma sai gilasai suka yi hazo, na gefe har suka daskare ta ciki. Na koma iskar waje.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wani abu ya daɗe yana ɗaure mini kai. A cikin gari allurar zafi tana hawa zuwa kusan kwata, amma da na hau Perimeter Highway, babbar hanyar da ta zagaye garin, na sake mata, sai ta koma ƙasa, hita ta yi sanyi. Kamata ya yi a ga akasin haka. Na kai ta gareji ranar Alhamis, makanike ya jona kwamfutarsa muka zaga tare. Ruwan inji bai wuce digiri 60 da 'yan kai ba, alhali ya kamata ya zauna sama da 80. Tamostat ta maƙale a buɗe.

Aikinta shi ne ta tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi, sannan ta buɗe masa hanya zuwa babban lagireto. Tawa ta bar ƙofa a buɗe dare da rana, duk zafin da inji ya tara sai ya tafi gaba iskar Manitoba ta kwashe.

Ina tsaye ana cire ta sai na tuna garejin da mahaifina yake kai motarsa a Sabon Gari. A can in mota ta shigo daga Kwatano, abu na farko da makanike zai ba da shawara shi ne a cire wannan abar a jefar, wai ta ƙasar sanyi ce, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Na taso ina jin haka har na ɗauka ba ta da wani amfani. Ko a gida ban yarda shawara ce mai kyau ba, don inji na da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. A nan kuwa ruwa zalla a lagireto fasa inji zai yi cikin dare ɗaya. An zuba mini sabon ruwa, an auna shi. Haɗin rabi da rabi yana jurewa har wajen 37 ƙasa da sifiri, makaniken ya ɗan ƙara masa ƙarfi saboda garin da muke. Duka dala 265.

Jiya da safe, waje 22 ƙasa da sifiri, minti goma: digiri 4 sama da sifiri a kujerar baya. Kafin mu fita unguwa allura ta kai tsakiya ta zauna daram. Inna ta zare safar hannunta a mota, karo na farko tun zuwanta. Na ce, "Inna, kun ji ɗumi?" Ta ce, "Yau kam angona ba zai yi fushi da ni ba," tana leƙa fuskar jikanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yi ta juya ko in rubuta wannan, amma dole ya shiga, don ya fi duk sauran muhimmanci.

Jiya an yi iska mai ƙarfi da ƙanƙara. Da safe na danna rimot daga ɗaki kamar kullum, ban leƙa ba. Bayan kamar minti takwas na fita da shebur. Iska ta tara ƙanƙara a bayan motar har saman bamba, salansa ta nutse gaba ɗaya. Hayaƙi ya narkar da wani ɗan kogo a cikin tulin, ya rasa mafita sai ƙarƙashin mota. Ina buɗe ƙofa warin hayaƙi ya buge ni. Na taka birki ta mutu, na buɗe ƙofofi huɗu, na tsaya a cikin sanyin nan ƙirjina na bugawa.

Warin ma rahama ce. Abin da ke kisa a cikin hayaƙin, kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da launi, kuma jariri ya fi babba saurin kamuwa. Da ranar fita da wuri ce, da uwargida ta riga ni fita ta ɗaure yaro a kujerarsa ta rufe ƙofa ta dawo ɗaukar jaka, yadda muka saba. Da na shigo na gaya mata, ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Malam, daga yau in an yi ƙanƙara ba mai taɓa rimot ɗin nan sai an ga salansa da ido." Haka muka tsayar. Na rataye rimot ɗin a ƙusa ɗaya da makullin ƙofar baya, yadda ba za a ɗauki ɗaya ba tare da an tuna ɗayan ba. Na kuma kira abokina da ke da gareji a manne da gida na roƙe shi kada ya kuskura ya tada tasa a ciki, ko da ƙofar garejin a buɗe take.

Litinin, 20 ga Janairu

Dashbod 33 ƙasa da sifiri. Na danna, rimot ya yi shiru, can ya yi wata doguwar ƙara da ban taɓa ji ba. Ta gwada sau uku ta kasa. Amfanin mai amsawa ke nan, ba don shi ba da na sa yaro a kafaɗa mun fita mun tarar da mota a mace. Na gwada da makulli, kik ya juya sau ɗaya da ƙyar ya tsaya.

Maƙwabcina ya ba ni wuta na kai ta aka auna batir. Lambar da ake rubutawa a jikin batir ta ƙarfin tashi a sanyi, a digiri 18 ƙasa da sifiri ake gwada ta, na tsawon daƙiƙa 30. Nawa shekararsa biyar, abin da ya rage masa bai kai kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta ba, ga shi mun zarce wancan ma'aunin da digiri 15. Ni ma na taimaka wajen ƙarasa shi. Tun da aka sa rimot nake tada mota sau uku sau huɗu a rana, fanka da hitar gilashin baya suna ja, tafiyar kuma ba ta wuce minti goma, altaneta mai cajin batir ba ta samun sukunin mayar da abin da aka ɗiba. Mai ɗaura rimot ya tambaye ni batun nan tun Nuwamba.

Sabon batir dala 230. Na ƙara da 'yar caja mai lallaɓa batir cikin dare, na ɗaure ta a ƙarƙashin bonet. Ita ba ta bi ta agogo ba, soket ɗinta daban.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Mako guda ke nan ana sanyi mai tsanani ba sassauci, kuma ba ta ƙi tashi ko sau ɗaya ba, alhamdu lillahi.

Na zauna na yi lissafin mai, don tun 1 ga Janairun 2025 gwamnatin lardi ta maido da harajin fetur da ta dakatar duk shekarar 2024, ta sa santi 12.5 a kan kowace lita. Ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ce injin lita 3 yana shan sama da kwatan lita a duk minti goma na tsayuwa a kunne. Nawa bai kai haka ba, amma a Disamba, lokacin da nake yin minti 15 sau biyu a jere, na ga bambanci a tanki ƙarara. Hitar inji kuwa, awa uku ba ta kai santi 15 na wuta ba. Wutar gida ta fi fetur araha nesa ba kusa ba wajen wannan aikin, kuma ba ta cika lungu da hayaƙi.

Ma'aikatar tana cewa minti biyu zuwa uku sun ishi inji, sauran ɗumin a hanya ake samunsa. Na yarda da su, na gani da idona cewa minti uku na tafiya a hankali sun fi minti goma na tsayuwa. In ni kaɗai ne zan fita aiki, minti uku zuwa biyar nake ba ta, gwargwadon yadda gilashi ya washe. Amma in da yaro da Inna, minti goma ne, kuma ba na jin nauyin hakan ko kaɗan. Inji ba ya bukata, su suke bukata.

Alhaji ya ba ni shawarar in toshe rabin ragar gaba da kwali yadda yake yi wa tasa. Ban yi ba tukuna. Ina tsoron ranar da gari zai sassauta in manta, inji ya yi zafi fiye da kima.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama jiya. Rimot ya samu sabon aiki: ana sallame tarawihi a babban masallacin da ke titin Waverley nake dannawa daga wajen takalma, kafin a gama gaisawa gilashi ya washe. Daga cikin sahu ba ya kaiwa, bango ya yi yawa, sai na matso kusa da ƙofa.

Abu ɗaya ya ƙi daidaita tun Janairu: gaba na kaiwa digiri 12, baya na tsayawa a 4 ko 5. Yau da rana na durƙusa da tocila na leƙa ƙarƙashin kujerun gaba. Ashe akwai bututu biyu masu faɗi da ke kai iska ƙafafun na baya. Na ɓangaren direba tabarmar robar da na shimfiɗa a Oktoba ta hau kansa ta rufe shi ruf. Na ɗaya ɓangaren kuma wata ledar goge hannu ce ta shige bakinsa. Na yanke tabarmar da wuƙa daidai bakin bututun, na zaro ledar, na kunna fanka na sa hannu, sai ga iska mai ɗumi tana bugun yatsuna. Gobe da safe zan auna in ga nawa ya ƙaru.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau, har da agogon soket da caja da ma'auni, dala 1,190. Saura abu biyu. Hitar gilashin baya ba ta kamawa da rimot sai na shiga na danna, kuma mai ɗaurawa ya ce akwai wayar da ya bari a naɗe don wannan, aikin rabin awa ne, ya ba ni ranar Laraba ƙarfe goma. Sannan batirin rimot ɗin kansa ya fara nuna rauni, jiya sai da na danna sau biyu. Na sayo guda biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a aljihun rigar sanyi.